HANCI HAR BAKA: TSAKANIN WUƘAR LIKITA DA ALƘALAMIN MARUBUCI

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a karkara irin tamu ta Yalwan Damai, ko a ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ya san abin da kan faru a cikin gida idan an yi haihuwa. Ungozoma ko kaka za ta miƙe ƙafa, ta ɗora jariri a bisa ƙaurinta, ta tsoma tsumma a ruwan zafi tana gasa masa jiki. In ta zo kan fuska sai ta sa yatsu biyu ta kama ɗan hancin nan tana ja tana matsawa, tana zolaya, wai kada ya ɗauko bajajjen hancin dangin ubansa. Matan da ke wurin su yi ta dariya, domin kowa ya san wasa ne irin na jika da kaka. To amma fa wasan nan da magana a cikinsa. Tun mutum bai yi kwana bakwai a duniya ba, tun ba a raɗa masa suna ba, mun riga mun yanke wa hancinsa hukunci.

Abin da kaka ke yi da yatsa, yau likita na yin sa da wuƙa, kuma nasa ba wasa ba ne. Ana yi wa hanci tiyata a ɗaga karansa, a rage faɗin ƙofofinsa, a miƙar da shi in ya karkace, ko ma a gina sabo fil inda babu. Tambayar da muke so mu tattauna da 'yan'uwa marubuta ita ce: yaushe ne wannan aiki yake zama gyara, yaushe ne kuma yake zama ɓarna? Mu ba malamai ba ne da za mu ba da fatawa, ba kuma likitoci ba ne. Sai dai muna ganin cewa masu riƙe da alƙalami suna da hannu dumu-dumu a cikin al'amarin, fiye da yadda suke zato.

Darajar Hanci

Bahaushe bai ɗauki hanci a matsayin ƙofar numfashi kawai ba. Mai girman kai, an ce yana hura hanci. Wanda ya takura wa ɗan'uwansa, ya shiga masa hanci da ƙudundune. In za a nuna ƙarfin zumunci sai a ce abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi. Gaɓa ce da ke zaune a tsakiyar fuska, ba ta ɓoyuwa, ita ido ke fara sauka a kai. Mutum na iya sa riga ya rufe tabon ƙirji, ya sa hula ya rufe sanƙo, amma ba ya iya shiga kasuwa ya bar hancinsa a gida.

Shari'a ma ta ba wannan gaɓa matsayi babba. Duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya san cewa wanda ya yanke wa wani hanci, cikakkiyar diyya ce a kansa, watau daidai da diyyar rai. Abin lura a nan shi ne, wanda aka yanke wa hanci ba ya mutuwa, yana ci gaba da ci da sha da numfashi. Abin da aka raba shi da shi shi ne damar tsayawa a gaban jama'a ba tare da an kau da kai ba. Ashe ke nan fuska tana cikin abubuwan da ke sa rayuwa ta zama rayuwa.

Akwai kuma labarin Sahabi Arfajatu ɗan As'adu, wanda Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito. An sare masa hanci a yaƙin Kulabu tun zamanin Jahiliyya, sai ya sa aka ƙera masa na azurfa. Azurfar ta yi masa wari, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya yi na zinariya. Kowa ya san hukuncin zinariya ga ɗa namiji. Duk da haka aka ba shi dama, don kawai ya sami fuskar da zai shiga cikin mutane da ita. Wannan shi ne ginshiƙin da malamai suka dogara a kai wajen halatta mayar da gaɓa yadda take bayan ta lalace.

Ita kanta sana'ar gina hanci tsohuwa ce ƙwarai. A ƙasar Indiya, inda yanke hanci ya kasance horo ga masu laifi da fursunonin yaƙi, wani likita mai suna Sushruta ya bayyana yadda ake ɗebo fata daga kunci a rufe gurbin, ƙarnoni kafin zuwan Musulunci. Daga baya suka koma ɗebowa daga goshi. A shekarar 1794 wata mujalla a birnin Landan ta buga labarin wani mai koran shanun amalanke, Cowasjee, wanda sojojin Tipu Sultan suka yanke wa hanci, wani Ba'indiye ya gina masa sabo da fatar goshinsa. Wannan labari ne ya zaburar da likita Joseph Carpue ya gwada aikin a Ingila a 1814. Har gobe da wannan dabara ake aiki: a yanko fatar goshi, a bar gindinta a manne don jini ya ci gaba da shiga, a juyo da ita ƙasa a ɗinke a gurbin hanci, a tokare ta da guringuntsin da aka ciro daga haƙarƙari ko kunne, bayan kamar mako uku a datse gindin.

Yaran da Ciwo ya Cinye wa Fuska

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wannan zance ne na mutanen nesa. A nan ƙasar Hausa akwai ciwon da likitoci ke kira noma, wanda wasu ke ce wa zaizayar baki, wasu kuma a ƙasar Sakkwato su ce ciwon daji. Yakan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, galibi bayan yaye, a lokacin da tamowa ta raunana jiki, ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro suka ƙarasa karya garkuwarsa. Yana farawa da ɗan gyambo a dasashi da warin baki. Cikin 'yan kwanaki kunci ya kumbura, ya yi baƙi, nama ya ruɓe ya zube, ya tafi da leɓe da hanci, wani lokaci har da ƙashi. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 1998 ya nuna cewa yara kimanin 140,000 ke kamuwa a kowace shekara, kuma in ba a yi magani ba, har tara cikin goma kan mutu. Wanda ya tsira yakan rayu da rami a fuska, yawu na zuba, wani ma muƙamuƙinsa ya ɗaure, ko lomar tuwo ba ta shiga sai an tura ta gefe.

Abin takaici shi ne ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma in an gane shi da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da shi. Irin abin da ake samu ne a asibitocinmu na kusa, ba sai an je nesa ba. Amma da yake ciwon talaka ne, sai a ce iska ce ko sammu, a yi ta turare da shafe-shafe har lokaci ya ƙure. Bayan nan kuma sai a ɓoye yaron a ƙuryar ɗaki. Ba makarantar allo, ba ta boko, ba dandali, in mace ce ba maganar aure.

A birnin Sakkwato akwai asibiti na musamman domin waɗannan yara, wanda aka buɗe a 1999, kuma tun 2014 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke aiki a cikinsa tare da ma'aikatar lafiya, ana yin tiyata kyauta. A Damagaram ma wata ƙungiyar agaji ta ƙasar Suwizalan mai suna Sentinelles tana kula da irinsu tun shekarun 1990. Nijeriya ce ta jagoranci ƙasashe 32 wajen shigar da buƙata gaban Hukumar Lafiya ta Duniya, har aka sa wannan ciwo cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a watan Disamba na 2023. Daga nan wajenmu zuwa Sakkwato tafiyar fiye da kilomita 600 ce. Uban da ya sayar da akuyarsa ya ɗauki 'yarsa ya yi wannan tafiya, ya zauna jinya ana yi mata tiyata bayan tiyata har a gina mata hanci, babu mai hankalin da zai ce ya ja da ikon Allah. Allah ya halicce ta da hanci, yunwa ce ta cinye shi. Haka abin yake ga wanda aka haifa da tsagaggen leɓe har ya taɓa hanci, da wanda ya karye a hatsarin babur, da wanda karkacewar guringuntsi ta hana shi numfashi da barci.

Ɗaya Gefen

Inda gizo ke saƙar shi ne hancin da lafiyarsa ƙalau, yana shaƙa yana jin ƙamshi, laifinsa kawai bai yi kama da na wata ba. A nan malamai suka kawo ayar Suratun Nisa'i da ta nuna cewa sauya halittar Allah yana cikin abubuwan da Shaiɗan ya yi alwashin umartar mutane da su, da hadisin da ya tsine wa masu goge haƙora su yi wushirya don neman kyau. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Malesiya cikin 2007, ta raba abin gida biyu. Ta halatta tiyatar da ake yi don mayar da gaɓa yadda aka halicce ta, ko maido da aikinta, ko gyara lahanin da aka haifi mutum da shi ko ya same shi daga baya. Ta hana wadda ake yi don sauya lafiyayyar halitta saboda son zuciya ko kwaikwayon wasu, ta kuma ambaci sauya siffar hanci a cikin misalan wannan.

Ban da hukuncin addini akwai kuma hatsari. Wuƙa ba ta san niyya ba, allurar barci ba ta tambayar dalili. Akan yi aikin hanci ya toshe numfashin da da yake lafiya, ko ya bar tabo mai tudu a fatar da ke da saurin yin haka, ko ya fito ba yadda aka so ba a koma a sake yanka. 'Yan ƙasar nan ba su manta ba da rasuwar uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, a ƙasar Sifen cikin watan Oktoba na 2005, bayan wata tiyatar kwalliya. Nata ba aikin hanci ba ne, amma darasin ɗaya ne, garin gyaran gira akan rasa ido.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu naɗe tabarma. To amma akwai wani mutum a tsakiya wanda bai shiga kowane gida sosai ba. A 1898 wani saurayi ya je wa likita Jacques Joseph a birnin Balin, ya ce girman hancinsa ya sa ya zama abin dariya har ya daina shiga mutane. Joseph ya rage masa, ya kuma kafa hujja da cewa ciwon zuciya ciwo ne kamar na jiki. Ita kanta Majalisar Fiƙihun da muka ambata ta yarda a kawar da munin da ke cutar da mutum a ransa. Ke nan in yarinya ta zo tana kuka, ta ce tun tana firamare ake kiranta da laƙabin hancinta, ta ce samari biyu sun gudu bayan danginsu sun zo ganin ta, wane ne zai ce ƙarya take yi? Ciwonta gaskiya ne. Abin tambaya shi ne, a ina ciwon yake zaune? Na mai zaizayar baki yana kan fuskarta, ko a daji take ita kaɗai zai hana ta ci da sha. Na wannan kuwa, in da za ta tashi a garin da kowa ke yabon faffaɗan hanci, da babu shi sam. Ciwon nata a idonmu yake da harshenmu, amma ita za a kwantar a yanka.

Laifinmu Marubuta

A nan ne ya kamata mu dubi kanmu. Tun da littattafan soyayya suka cika kasuwa daga ƙarshen shekarun 1980, waɗanda Malam Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, an yi ta muhawara a jaridu kan tarbiyya da auren dole da ƙa'idojin rubutu. Abin da ba mu cika tsayawa a kai ba shi ne fuskar tauraruwa. Ɗauki littafi goma ka buɗe shafin da aka siffanta ta. Fara ce sol, gashi har gadon baya, idanu dara-dara, hanci har baka. Ka juya inda aka siffanta kishiyar uwa ko muguwar tsohuwa ko ɗan daba, za ka tarar da baƙi wuluk mai bajajjen hanci. Mun ɗaura kyan hali a kan dogon hanci, mun rataya mugunta a kan gajere, alhali kuwa mafi yawan masu sayen littafin da kuɗin guminsu, da mu kanmu masu rubutawa, irin hancin da muke zagi ne a fuskarmu.

Ba mu muka ƙago wannan ma'auni ba. Mun gaje shi daga kirarin da ake yi wa kyan Filani da Larabawa, finafinan Indiya suka zo suka ƙara masa ƙarfi, yanzu kuma ga wayar hannu mai tace hoto, wadda ke siranta wa yarinya hanci kafin ta ƙifta ido, har ta dubi madubi ta ga kamar madubin ne ke mata ƙarya. Abin mamaki, ƙasar da ta koya wa duniya gina hancin da aka yanke, ita ce kuma ta sayar mana da hancin da muke raina namu saboda shi. Amma gado ba hujja ba ne. Wanda ya karɓi gurɓataccen ma'auni ya ci gaba da awo da shi a kasuwa, shi ma ya shiga cikin tauye mudu.

Kuma kada mu raina inda irin wannan awo kan kai mutane. Masana tarihi sun nuna cewa a cikin masu neman a rage musu hanci a Jamus da Amurka a farkon ƙarni na 20 akwai Yahudawa da dama, waɗanda ke neman sajewa da jama'ar da ke ƙyamarsu. A Ruwanda, Turawan mulkin mallaka sun riƙa auna tsawo da faɗin hancin mutane wajen rarrabe Tutsi da Hutu, Beljiyam ta rubuta ƙabila a katin shaida a shekarun 1930, kuma kowa ya san abin da aka yi da wannan kati a shingayen hanya cikin 1994. Ba muna cewa hanci ne ya jawo wancan bala'i ba. Muna cewa ne duk al'ummar da ta fara karanta darajar mutum a karan hancinsa, to ta hau hanyar da ba ta ɓillewa.

Wani zai ce, ai mu ma al'adarmu ta taɓa fuska: ga tsagar gado da wanzamai ke yi, ga hudar hanci, ga kwalli da lalle. Gaskiya ne, kuma wannan ya isa ya hana mu yi wa 'yan zamani kallon waɗanda suka zo da abin da ba a taɓa gani ba. Amma akwai bambanci. Tsaga, duk da illarta, wadda ta sa Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana yi wa yaro, ana yin ta ne don a ce wannan namu ne. Tiyatar kwalliyar hanci kuwa, sau da yawa abin da take cewa shi ne ba na son in yi kama da namu. Wani kuma zai ce jikinta ne, kuɗinta ne, ina ruwan wani? Mun yarda cewa ba a tilasta wa baligi, kuma ba aikinmu ba ne mu bi mutane da gori. Sai dai zaɓin da aka yi bayan shekara ashirin ana shan zolaya, da wuya a kira shi zaɓin ganin dama. In kuma masu hali suka gyara nasu, ma'aunin ya ƙara tsauri a kan 'yar talakar da ba ta da kuɗin jirgi, ciwon bai ragu a cikin al'umma ba, an dai ture shi ne zuwa kan wadda ba ta da ƙarfi.

Kammalawa

Matsayinmu dai shi ne, wuƙar da ke mayar wa mutum abin da cuta ko hatsari ko lahanin haihuwa ya raba shi da shi rahama ce, kuma jinkirta kai yaro gare ta da sunan tawakkali zalunci ne. Wuƙar da ke yanka lafiyayyen hanci don ya dace da idon mutane, magani ne da aka ba wanda ba shi ne ke da cutar ba. Wanda ke tsakiya, a tausaya masa, a bar shi da malaminsa da likitansa, mu kuma mu tambayi kanmu ko da jumlarmu a cikin abin da ya kai shi can.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwa, musamman masu tasowa, da su sake duba shafin siffantawa kafin su kai rubutu maɗaba'a. Ku dubi fuskokin da ke ranar kasuwa a garinku, ku nemo kalmomin da za su nuna kyansu yadda yake, domin marubucin da ba ya iya sa mai karatu ya so baƙar yarinya mai faffaɗan hanci, bai gama koyon sana'arsa ba. Har ila yau akwai labarai a asibitin Sakkwato da ba mu taɓa ba. Mulikat Okanlawon ta tsira daga wannan ciwo, an yi mata tiyata a can, ta zama ma'aikaciyar asibitin, ta kuma shiga cikin waɗanda suka kafa Elysium, ƙungiyar farko ta waɗanda suka tsira daga noma. Irin wannan rayuwa ta fi ƙarfin tauraruwar da muke ta maimaitawa. Ranar 20 ga Nuwamba ce ranar noma ta ƙasa. In a cikin gajeren labari ɗaya ko wasan rediyo ɗaya muka sa uwa ta gane cewa warin baki da jinin dasashi da kumburin kunci ga yayayyen yaro abin gudu asibiti ne a ranar, to mun ceci hancin da likita zai shekara yana ginawa.

Kaka dai ba za ta daina jan hancin jikanta ba, mu ma ba mu ce ta daina ba. Fatanmu shi ne idan jikan ya girma ya ɗauki littafinmu, ya tarar da mai irin fuskarsa a cikin mutanen kirki. Allah ya sa mu dace, amin.

Yalwan Damai,
Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu,
Jihar Jigawa.